Ƙanwata Ce Uwar Ɗana a Bidiyon Masu Tallafi

Daga admin: Wata 'yar uwarmu ce ta turo, ta roƙi a sakaya sunanta. A ji tsoron Allah a wajen sharhi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah jama'ar wannan zaure, iyayena da yayyena da ƙannena, ina kwananku, ina gajiya, ya iyali, ya haƙuri da zamani. Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya. Na daɗe a nan ina karanta damuwar mutane ina ba da shawara kamar wata mai hankali, yau ga shi abin ya faɗo kaina, don Allah ku taimaka min da shawara don kaina ya kulle. Amma tun yanzu ina roƙo, wanda ya san "ki yi haƙuri" kaɗai zai rubuta ya riƙe abinshi, gidanmu ma akwai shi buhu-buhu.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye cikin ƙasar Bakura, awon ciki, karɓar haihuwa, rigakafi, duk ni ce. Maigidana mai gyaran sola ne, shagonshi na Talata Mafara, can muke zaune. Iyayena kuma Fulanin gida ne mutanen wajen Dakko, shanun sun ƙare tun zamanin kakanmu amma kunyar tana nan daram. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi mishi wasa gaban mutane, in an tambaye ta lafiyarshi sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Babban yayanmu har ya fara furfura, Innarmu "wancan" take ce mishi. Haka na tashi na iske, kuma ban taɓa ganin aibin abin ba sai da ya ci ni.

Da na samu cikin fari gida na tafi goyon ciki kamar yadda anka saba. Cikin bai isa ba naƙuda ta zo, tsakiyar damina, na haifi ɗa namiji bakwaini, ɗan mitsitsi, yatsunshi kamar tsinken ashana. Ya yi ƙoƙari har anka yi suna, anka sa mishi sunan mahaifin maigidana, kun ga kunya ta zama biyu ke nan, ɗan fari kuma sunan suruki. Bayan suna jikinshi ya fara sanyi, ya daina kama nono. Mota ba ta shiga ƙauyen, ruwa ya cinye hanya, sai babur. Kafin mu kai babban asibiti Allah ya karɓi abinshi. Ni da nake tsayawa gaban matan ƙauye ina ce musu bakwaini ɗumi yake so, nawa sanyi ne ya tafi da shi. Ban yi kuka gaban kowa ba, mata sunka zo gaisuwa suna yabona wai ɗiyar Inna ta yi kara. Ƙanwata, zan kira ta Hassi ko da yake ba sunanta ba ne, ita ce ta yi kuka har da birgima, dama ita ke ɗaukarshi, ita ke kiran sunanshi, don babu kunya tsakaninta da shi. Lokacin tana gida aurenta ya mutu, ta daɗe gidan miji ba haihuwa, dangin mijin sunka sa ta gaba da gori har sai da ta fito.

Da na koma Mafara na iske maigidana ya duƙufa kan wani injin ƙyanƙyasar ƙwan zabbi da ya haɗa da tsohon firij da batir. Ranar da ƙwan sunka fashe ya shigo gida da 'yan tsakin a kwali yana dariya har kunne, wai in zo in gani. Na dube shi na ce ka iya ɗumama ƙwan zabo, ɗanka kuma sanyi ya kashe shi a bayan babur. Na san magana ce mai zafi kuma da gangan na faɗe ta. Ya yi kwanaki ba ya cin abincina, sai wata rana ya shigo ya zauna bakin gado ya tambaye ni wane irin ɗumi bakwaini ke buƙata. Daga nan abin ya samo asali. Ni ke faɗin abin da jariri ke so, shi ke haɗawa, mu gwada da gorar ruwa, ya lalace, mu sake. Awakina na sayar munka sayi batir mai kyau. A ƙarshe munka samu wani akwati mara nauyi, cikinshi 'yar katifa mai ɗumi, sola ke cajin shi, yana da murfin gilashi da ramukan iska, in zafi ya yi yawa sai ya yi ƙara. Ba kwalbar asibiti ba ce, aikinshi kawai ya riƙe jariri da ɗumi a bayan babur har a kai shi inda kwalbar take.

Akwai wani likita ɗan ƙasar Maradun, abokin maigidana, shi ya ga akwatin ya gyara mana wasu abubuwa, kuma ya ce akwai wata gidauniya da ke ba da tallafi ga masu ƙirƙirar sabbin abubuwa na kiwon lafiya. Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya yi ƙoƙari, shi ya san Turancinsu da yadda ake bi da su, da mu kaɗai ne ko ƙofar ba za mu gani ba. Munka tsallake zagayen farko. Sai sunka ce a turo musu ɗan gajeren bidiyo, suna son ganin uwar da rashin ɗanta ya haifar da wannan tunani, ta ba da labari da bakinta.

Likita ya ɗauko mai kyamara daga Gusau, sunka ce a gidanmu na ƙauye za a ɗauka don nan abin ya faru. Jama'a, a tsakar gida sunka ajiye min kujera. Ga Inna zaune kan tabarma, ga surukata ta zo ganin ikon Allah, ga matan maƙwabta sun cika ƙofa. Mai kyamara ya ce in faɗi sunan yaron, in faɗi yadda na ji ranar. Sunan surukina, gaban matarshi, gaban uwata, a kan ɗan fari! Wallahi na buɗe baki, abin ya ƙi fita. Abin da na iya cewa shi ne wani yaro ne anka haifa a gidan nan, Allah ya yi mishi rasuwa, shi ya sa munka yi akwati. Anka sake, na maimaita haka. Kaina na ƙasa, har da ɗan murmushin nan da ke zuwa wa mutum in kunya ta kama shi. Likita ya dafe kai ya ce ina magana kamar mai ba da labarin mutuwar kaza, mutanen nan ba su san wata kunya ba, cewa za su yi matar ba ta damu ba. Na roƙe shi a fitar da mutane, a shiga ɗaki da ni ni kaɗai, zan gwada. Ya ce ɗaki babu haske, kuma rana na yi, kun dai san hanyoyinmu ba su biyuwa bayan la'asar. Maigidana ya ce in tashi in dama wa baƙi fura, za su san yadda za su yi da abin da anka ɗauka. Na tashi na tafi, har ina jin sauƙi a raina.

Ashe ina can bayan gida ina damu, sun zaunar da Hassi a kujerar.

Ba wanda ya gaya min. Sai bayan abin ya fito, a wurin aiki, wata abokiyar aikina ta miƙo min wayarta tana kallona wani iri. Ga Hassi nan sanye da atamfar da na sa ranar suna, tana cewa wata bakwai na ɗauke shi a cikina, tana kiran sunanshi tana nanatawa, hawaye shaɓe-shaɓe. Kuma hawayen na gaskiya ne, na san ƙanwata, shi ya sa abin ya fi ci min rai. Maigidana an nuno shi a matsayin injiniyan da labarin wata baiwar Allah ya taɓa zuciyarshi. Ni kuma can wajen ƙarshe anka nuno ni riƙe da akwati, wai nas ɗin da ke taimaka musu. Na miƙa wa abokiyar aikina wayarta na koma na ci gaba da awon ciki.

Da na tare maigidana da maganar ko a jikinshi. Ya ce shi ma ai ba a ce ɗanshi ba ne, na ji ya yi ƙorafi? Wai mamaci ba ruwanshi da wadda anka ce ta haife shi, kuma an ba ni dama na tsaya ina murmushi kamar amarya, to me nake so a yi, a bar tallafin ya wuce? Na kira likita, ya ce madam ki fahimta, masu ba da tallafi fuska suke fara gani kafin su ga akwati, taki kuma ba ta motsa kowa. Haka ya faɗa min, kai tsaye, kamar yana gaya min sakamakon gwajin jini. Na tafi wajen Inna ina zaton ita za ta tsaya min, tunda tarbiyyarta na bi. Ta ce, "Da kin buɗe baki kin kira sunan ga gaban surukarki, da ban ƙara shiga mutane ba. Kin fidda ni kunya. Bar ma Hassi, ita mi ta samu a duniya?" Wato ni na samu ke nan. Ita kuwa Hassi da na ritsa ta sai ta fara kuka, wai Yaya ai ɗanki ɗana ne, sa ta anka yi, kuma tana son shi. Na ce son shi daban, haihuwarshi daban, ke da ko ɓatan wata ba ki taɓa yi ba ina kinka san ciwon naƙuda? Na ga maganar ta shige ta har ƙashi, irin wadda dangin mijinta sunka kore ta da ita ce. Ku zage ni in kuna so, lokacin daɗi na ji.

Tallafin ya fito. Ba zan ɓoye alherin da ke ciki ba don ina jin haushi. An yi akwatuna, an kai Birnin Tudu, an kai Kaya, an kai asibitin da nake, maigidana ya faɗaɗa shago ya ɗauki ma'aikata. Da idona na ga wata mata daga wajen Kaya da anka kawo bakwaininta cikin akwatin nan da ruwan sama, ya iso da ɗuminshi, yanzu haka yaron na rarrafe. Ranar na shiga bayi na yi kukan da ban yi ba a kan nawa. Abin yana aiki, wannan ba ƙarya a ciki.

Amma ku ji yadda nake rayuwa. Masu tallafin sunka ce a sa wa akwatin sunan yaron, an rubuta shi ɓaro-ɓaro a jikin kowane ɗaya. Kullum ni ke goge shi, ni ke sa shi caji, ni ke ɗaure shi a babur. Mutane kuma sunan ya yi musu tsawo, "akwatin ɗan Hassi" suke cewa. Har matan ƙauyenmu da sunka ci tuwon sunan, sunka san wadda ta yi wankan jego, sun bi sahu, wasu da mantuwa wasu da gangan don su ga fuskata. An ɗauki Hassi a jirgi zuwa wani taro Abuja, ta dawo da lambar yabo ta uwa jaruma, Inna ta rataye ta a ɗaki. Wata ranar kasuwar Talata Inna ta matsa min in raka Hassi sayayya, muna wajen masu kayan miya sai wata dattijuwa ta gane ta, ta kama hannunta tana yi mata ta'aziyya tana sa mata albarka. Sannan ta juyo kaina ta ce ke ce nas ɗin ko, Allah shi biya ki, ki riƙa lallaɓa ta ɗiyata, wanda bai rasa ɗa ba bai san zafin ba. Na ce to Baba, in sha Allahu.

Kuma tun daga kanshi ban sake samun ciki ba, mun je asibiti an ce ba komai, lokaci ne. Ban sani ba ko Allah zai sake ba ni. Shi kaɗai ne ya taɓa mai da ni uwa, kuma yanzu duk wanda ya san da zamanshi a duniya ya san shi a matsayin ɗan wata. Wannan shi ne abin da ke cina, ba jirgi ba, ba lambar yabo ba, su riƙe kayansu.

To yanzu ga inda magana ta tsaya. Masu tallafin za su turo mutanensu nan ba da daɗewa ba su duba aikin, in sun gamsu za su ƙara tallafi a kai akwatin ƙauyukan Mafara da Bakura da Maradun gaba ɗaya. Cikinsu akwai wata likitar yara da ta ce tana son zama da uwar su biyu, ta ji dalla-dalla yadda jikin yaron ya canza da abin da ya faru a hanya, wai zai taimaka wajen gyara akwatin. Nan hankalin likitanmu ya tashi, don Hassi ba ta hau babur ɗin nan ba, tana gida tana kuka, ba ta san komai ba. Sai sunka yanke shawara, shi da maigidana, ba tare da ni ba kamar kullum, cewa ni zan zaunar da ita in koya mata. In ba ta labarin tun daga naƙuda har ƙofar asibiti ta haddace. Na ce in na ƙi fa? In na shiga gaban matar na ce ni ce? Maigidana ya ce to za su ce mu macuta ne, su janye, ƙila ma har su kai mu ƙara, akwatin ya mutu, kuma duk bakwainin da sanyi ya kashe a hanya daga ranar yana wuyana. Ya ƙara da cewa in na yi haka daga wurin in wuce Dakko, kar in biyo ta gidanshi. Mutumin da na sayar da awakina don aikinshi ya tashi.

Jiya da hantsi Hassi ta zo gidana, rabonta da shi tun ranar da na yi mata gorin nan. Ta zauna nesa da ni a bakin tabarma, ta ciro wayarta ta ce likita ya ce ta ɗauki muryata don ta riƙa saurare tana bita. Ta danna, ta ajiye tsakaninmu, ba ta iya kallona ba. Sai ta ce, "Yaya, a hanyar, ya yi kuka?"

Na kashe wayar na ce ta tashi ta tafi, kaina ke ciwo.

Abin da ya faru a hanyar nan ban taɓa gaya wa kowa ba, har uban yaron, kuma bai taɓa tambaya ba. Ku da ba ku san ni ba zan gaya muku. Yayana ke tuƙa babur ɗin, ni ina baya na ɗaure yaron a ƙirjina cikin riga, fata da fata, na rufe mu da hijabi da leda, ruwa na dukanmu. Bai yi kuka ba, ba shi da ƙarfin kuka. Daidai wajen fadamar shinkafa ya ɗan motsa ƙafa, sannan ya saki. Aikina ne, na san abin da ya faru nan take. Ban ce wa yayana ya tsaya ba, ban ce ya juya ba, na bar shi yana ta gudu har cikin gari, don tun da na haife shi wannan ne karon farko da na riƙe shi ba idon kowa a kaina. Na sa bakina cikin hijabin ina yi mishi magana ina kiranshi, ƙarar babur ta rufe. Duk abin da ke tsakanina da ɗana a duniya ke nan, kuma shi ne suke so in zuba cikin waya wata ta haddace.

Na yi tunanin in ƙirƙiro mata wani labarin na ƙarya, amma likitar nan don gyaran akwatin take tambaya, in na ba ta ƙarya ban san ɗan wa zan cuta ba. Na yi tunanin in samu matar a ɓoye in gaya mata gaskiya in roƙe ta ta rufa mana asiri, amma ban san halinta ba, ba ta san kunyarmu ba, ƙila ta ga 'yan damfara kawai. Malaman da ke cikin zauren nan, tallafin da anka samo da ƙarya amma yana ceton rai, mene ne hukuncinshi, kuma ni da na yi shiru ina ciki? Ma'aikatan lafiya da kunka taɓa hulɗa da irin waɗannan gidauniyoyi, da gaske in an faɗa musu gaskiya janyewa suke? Iyaye mata kuma, musamman waɗanda sunka binne ɗa, ku nake so ku ba ni amsa tsakaninku da Allah. In faɗi gaskiya in karɓi ɗana, in rasa aurena, 'ya'yan wasu su mutu a hanya? Ko in zaunar da ƙanwata in koya mata yadda ya mutu a ƙirjinta?

Hassi ta ce ranar kasuwa za ta sake dawowa da wayar.